Ƙulli a Gidan Intala

Muktari bai taɓa yi wa kowa mugunta da gangan ba, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa zai shaida. Ciwonsa ɗaya ne, son a ce shi ya fara. Shi ya fara buɗe siber kusa da tashar Arlit, wato shagon da ake biya a zauna gaban kwamfuta a shiga intanet, ya kafa ƙaton faranti a kan rufi yana kamo layi daga tauraron ɗan'adam. Tun da ya baro Damagaram yake neman abin da zai sa a daina kiransa mai gyaran rediyo, kuma ko da aka daina, bai ƙoshi ba.

A shekarun nan garin yana tafiya ne da tsoro da kwaɗayi a lokaci guda. Tawaye na biyu na jan ƙafa a duwatsun Abzin, ana binne nakiya a hanya, motar da za ta Agadas sai ta jira rakiyar sojoji. Ga shi kuma yuraniyom ya yi tsada a duniya, kamfanoni sun baza ma'aikata a daji suna huda ƙasa duk inda suka ga dama. Irin waɗannan baƙi su ke cika shagon Muktari da yamma, ƙafafu furu-furu, kowa yana son ya aika wa gida cewa yana nan da ransa.

Cikinsu akwai Bashir, wani saurayi ɗan Yamai mai auna ƙasa, kuma shi ya jawo wa Muktari wannan sabga. Wata yamma ya kira shi gaban allon kwamfuta ya nuna masa wasu lambobi suna ta sauka.

"Malam Muktari, wannan sabon abu ne, bulokcen ake ce masa. Ka ɗauke shi sarƙa. Duk bayan ɗan lokaci ana ƙulla mata sabuwar gaɓa, kowace gaɓa tana ɗauke da hatimin wadda ta gabace ta, don haka ba wanda zai taɓa ta baya ba a gane ba. Ba ta da ofis, ba ta da shugaba. Mutane ne a ƙasashe daban-daban, kowa ya kunna ordinater ɗinsa, wato kwamfutarsa, ya ajiye sarƙar gaba ɗaya, yana duba kowace gaɓa yana miƙa wa na gaba. Kowane ordinater irin wannan shi ake kira ƙulli."

"Me ake rubutawa a ciki?"

"Wane ya tura wa wane wasu sulalla na iska. Ko ashana ba sa saye."

"To meye amfaninta?"

Bashir ya yi dariya. "Yanzu dai babu. Amma ka duba, akwai ƙulli a Amurka, akwai a Turai, akwai a Japan. Daga bakin teku na arewa har Kano ban ji labarin ko ɗaya ba."

Da Bashir ya san wanda yake gaya wa haka, da ya ja bakinsa ya yi shiru. Aikinsa ya ƙare ya koma Yamai, ya bar Muktari da zazzaɓin zama na farko a duk hamada.

Ya ware tsohuwar kwamfuta guda, ya busa mata rairayi, ya goge duk abin da ke cikinta. Ya sauko da manhajar a kan layinsa mai tafiyar kunkuru, ya gwada hatiminta da wanda masu ita suka wallafa, harafi bayan harafi, ya ga sun dace. Ya daidaita agogon kwamfutar, don ƙulli mai agogon banza sauran ba sa saurarensa. Ya buɗe mata ƙofa a akwatin raba layi domin na waje su iya shigowa. Da ya ga adireshin ƙulli na farko ya bayyana, sannan na biyu, daga ƙasashen da bai taɓa tunanin za su san da zamansa ba, sai da ya tashi tsaye shi kaɗai a shago ya tafa hannu.

Murna ta koma ciki ne da aka zo batun wuta. Sabon ƙulli dole ya ja sarƙar tun daga gaɓar farko, ya duba kowace ɗaya kafin ya karɓi ta gaba. Wutar Arlit kuwa daga tashar kwal ta Cirozerin take zuwa, ta fara ƙosar da ramukan haƙa da gidajen kamfani, ɗan abin da ya rage shi 'yan gari ke gani. Batirin shagon yana iya riƙe faranti da akwatin layi, amma ba ya iya riƙe kwamfuta. In layi ya yanke babu laifi, ƙulli yana jira ne ya ci gaba. In wuta ce ta ɗauke yana tsakar rubutu, sai abin da ya tara ya dagule, a koma gaɓar farko. Haka Muktari ya yi ta komawa farko har ya fara zagin kwal da bai taɓa gani da idonsa ba.

Sai ya tuna da gidan ƙanwarsa.

Siddiƙa tana aure a unguwar kamfanin haƙar yuraniyom, inda wuta ba ta ƙiftawa. Mijinta Intala Ba'abzine ne, direban bas ɗin da ke kai ma'aikata bakin rami ya dawo da su, mutum dogo marar yawan magana, wanda aikin nan da gidan nan su ne duk abin da ya mallaka. Tun ranar aure bai taɓa kiran sunan Muktari ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba. Wan mace ai suruki ne. In Muktari ya shigo, Intala yakan ja rawaninsa har bisa hanci, ya zauna a gefen tabarma ya dafa shayi.

Ranar ma haka aka yi. Bayan kofi na biyu Muktari ya nuna kwamfutar da ya sauke daga kabu-kabu.

"Ajiya na kawo maka. Wuri take so a kusurwa, da wuta. Abu ɗaya kawai, kada ka bari ta mutu, dare ko rana."

"To, Yaya," in ji Intala. "Yana hannun Allah, yana hannuna."

Shi ke nan. Bai ce mece ce ba, bai ce ta mece ce ba. A wajensu wanda aka ba ajiya ba ya leƙa cikin jaka, balle ajiyar suruki. Muktari kuwa ya ji daɗin rashin tambayar, domin ya gaji da bayanin da mutane ke hamma tun bai kai rabi ba. Ya hau rufi ya kafa doguwar sanda, a kanta gwangwanin madara babba da ya mayar antan, wato eriya, bakinsa yana kallon gabas, inda shagonsa yake. A rufin shago ya kafa ɗan'uwansa yana kallon yamma. Gwangwanayen biyu suka riƙa miƙa wa juna layi ta saman gari. Bai bar allo a gidan ba, daga shago yake leƙa ta. Abin da ya bari baƙin akwati ne mai koren ido ɗaya da fanka tana huci.

Wannan karon sarƙar ta sauka har gaɓar ƙarshe. Ƙullai na wasu ƙasashe suka fara zuwa suna karɓar gaɓoɓi daga Arlit. Muktari ya yi ta gaya wa abokan ciniki cewa garin nan ya shiga sahun duniya, suna cewa madalla suna ci gaba da duba hotunan 'yan ƙwallo. Inda kwamfutar take ne kawai bai faɗa wa kowa ba, don ya san kamfani ba ya son a jona kayan waje a wutarsa.

Abin da bai sani ba shi ne yadda Intala ya fahimci kalmar ajiya. Yara uku ne a gidan, ƙaramar tana rarrafe, kuma koren idon nan yana kiranta. Kashe kwamfutar a sauya mata wuri ba zai yiwu ba, an ce kada ta mutu. Sai Intala ya samo akwatin katako, ya cire bayansa don ta sha iska, ya kifa a kanta. Ya shimfiɗa jar fatar da mahaifiyarsa ta jeme da hannunta, wadda ba a taɓa fito da ita ba sai don babban baƙo. Siddiƙa ta jera kwanonin aurenta a kai. Wayar da ta hau rufi kuwa ya bi ta da tabarma da laka ya rufe, kada wani yaro ya yi tuntuɓe ya cire ta. Duk wanda ya shigo ɗakin ba zai ga komai ba sai kayan ado, kuma Intala ya kwanta da ransa fes, ya riƙe amana yadda aka koya masa.

Ana nan sai nakiya ta tashi da wata motar jami'an tsaro a hanyar Agadas. Gari ya ɗauki zafi. Aka ce akwai masu ba 'yan tawaye labarin fitar motoci daga cikin gari, kuma wa ya fi direba sanin fitar motoci? Aka shiga bincike gida-gida.

Muktari yana shago da hantsi ya ga ƙullinsa ya daina amsawa. Yana cikin mitar cewa yara sun taɓa waya sai ga Siddiƙa ta sauka daga kabu-kabu, goyo a baya, takalmi wari da wari.

"Yaya, jandarmomi sun tafi da baban yara. Sun ga gwangwanin nan a rufi, suka bi waya har ƙarƙashin kwanonina. Sun ce abin magana da 'yan dutse ne, tunda bakinsa gabas yake kallo, wajen duwatsun Abzin. Sun tambaye shi mene ne, ya ce bai sani ba. Sun ce na wane ne, ya ƙi faɗa."

Abin da ya fara fita daga bakin Muktari, Allah ya kyauta, shi ne: "Bai dai faɗi sunana ba ko?"

Siddiƙa ta dube shi kamar ranar ta fara ganinsa. "Kai ma ka san ba zai faɗa ba."

Ya ce ta koma gida, gobe da safe zai je ya warware komai. Da azahar, lokacin da rana ta kori kowa daga titi, ya hau rufin shagonsa ya cire nasa gwangwanin, ya take shi da ƙafa, ya cusa a buhun shara. Ya gaya wa kansa cewa dabara ce, sai ƙura ta lafa za a fi saurarensa. Tsoro ne tsagwaronsa. Ya san shi Bahaushe ne mai shago, da wuya a ɗora masa tawaye, amma ya san ana iya rufe shagon, a kwashe faranti, a mayar da shi mai gyaran rediyo.

Goben ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta sake wucewa. Ya daina cin abinci sosai, ya daina zuwa majalisar mai shayi, domin can ake ba da labarin akwatin da aka kama a gidan direba, kowa yana ƙara masa gishiri. Wani ya ce yana jin Larabci da Faransanci. Wani ya ce da shi ake tayar da nakiya daga nesa. Muktari, wanda duk duniya ba abin da yake so irin a yi zancen ƙullinsa, ga shi ana yi a kowace rumfa, shi kuma yana bin bango.

Da Siddiƙa ta dawo ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ihu ciwo. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shiga ba.

"Kamfani sun ce mu fara haɗa kaya. Jandarman da nake ba abinci ya kai masa ya ce in rakiya ta tashi za a tafi da shi Agadas, daga can kuma ba wanda ya san ranar dawowa. Na ce zan shiga in faɗi mai akwatin. Ka san abin da baban yara ya aiko mini? Ya ce in na ambaci sunan wana a gaban hukuma ban kyauta masa ba." Ta gyara goyonta. "Ni dai na faɗa maka, Yaya. Ba zan sake zuwa ba."

Bai jira ta kai bakin titi ba ya rufe shago, ya nufi ofishin jandarma.

Ajidan ɗin, wato babban jandarman da ke riƙe da binciken, dattijo ne mutumin Tawa, idanunsa jajur don rashin barci. Ɗaya daga cikin waɗanda nakiyar ta kashe yaronsa ne na aiki, shi ya koya masa riƙe bindiga. Akwatin yana kan teburinsa, jar fatar a ninke a gefe. Ya bar Muktari ya yi bayaninsa na sarƙa da gaɓa da ƙulli har ya gaji.

"Ka ce gwangwanin wanga shagonka shika kallo, ba dutse ba?"

"Wallahi shagona, ranka ya daɗe. Akwai ɗan'uwansa a rufina."

"Ina shike?"

Muktari ya ce ya cire shi, yana cikin buhun shara.

"Mu ba mahaukata ba ne," in ji ajidan. "Washegarin da munka kama shi na sa yara sunka hau rufinshi, sunka bi bakin gwangwanin da ido, rufi bayan rufi. Sun ga farantinka. Ba su ga gwangwani ba. Sai munka ce to babu abin da shika kallo sai dutse." Ya jingina da kujera. "Da mun iske shi a wurin, da kai munka kira tun rannan, da mutumin ga ya kwana gidanshi."

Babu zagin da aka taɓa yi wa Muktari da ya shige shi kamar wannan magana da aka faɗa a hankali.

Aka ɗauki akwatin da jar fatar zuwa shago, ajidan da jandarma biyu suna biye. Muktari ya tono takakken gwangwanin daga shara ya nuna, sannan ya jona kwamfutar kai tsaye da layinsa, ya haɗa mata allo, yana addu'a kada wuta ta ɗauke. Ta tashi. Adireshin ƙullai suka fara bayyana ɗaya bayan ɗaya. Ya kunna wata kwamfutar ta daban ya sa mata manhajar a gabansu, ta fara jan sarƙar daga baƙi na nesa, ya jera hatimin gaɓoɓin biyu gefe da gefe don ajidan ya ga abin da ke cikin akwatin Intala shi ne ke hannun kowa a duniya, ba saƙon kowa ba ne. Ajidan ya buga waya Yamai, ya karanta wa wani masani lambobi, ya daɗe yana sauraro.

Shi Muktari wani abu daban yake kallo. Duk gaɓoɓin da aka ƙulla tun ranar da aka kama Intala suna ta zubowa cikin akwatin, kuma kafin mai shayin ƙofar shago ya sauke tukunya ta biyu, ƙullin ya kamo inda duniya take. Sarƙar ba ta tsaya jiransa ba. Ba wanda ya aiko yana cigiyar Arlit.

"Mi abin ga shika ba ka?" in ji ajidan bayan ya kashe waya.

"Ba ya ba ni komai."

Ajidan ya dube shi, ya dubi akwatin, ya girgiza kai ya fita.

An saki Intala kafin rakiya ta tashi. Amma bas ɗin ma'aikata ba ya jiran direba, kuma a wannan zamani na rububi mutum goma ke layi a kan kowace kujera. An riga an ba wani makullin. Da Muktari ya je ofishin kamfani yana rantse-rantse, aka ce masa ba a zargin Intala da tawaye, ko kusa, sai dai ya jona kayan waje a wutar kamfani, kuma sunansa ya riga ya shiga bakin hukuma, a irin wannan lokaci ba za a ba shi rayukan ma'aikata ya tuƙa ba. Aka karɓe katinsa na shiga, aka karɓe gida. Suka samu bukka a bakin gari, can inda ake sayen ruwa a jarka.

Muktari ya kasa zuwa. Ya aika da buhun shinkafa, Siddiƙa ta karɓa ba ta aiko da ko sannu ba. Sai Intala ne ya zo da ƙafarsa, wata safiya shago babu kowa. Ya rame, rigarsa tana lilo a jikinsa, kuma yana juyo da kunnen dama in ana magana, abin da ba ya yi a da. Ya ja rawani bisa hanci, ya tsuguna daga bakin ƙofa, ya yi gaisuwa doguwa, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya. Muktari ya shirya kalmomin neman gafara tun kwanaki, yana buɗe baki Intala ya riga shi.

"Yaya, haƙuri na zo ba ku. Kun ce kada ya mutu. Da suka zo cire waya na riƙe hannun mutumin, na ce ku tafi da ni amma ku bar shi a kunne, ba nawa ba ne. Shi ya sa suka ƙara fushi. Ban iya hana su ba. Ajiyarku ya mutu a hannuna."

Muktari ya waiwaya. Akwatin yana nan a kusurwar shago, koren idonsa a kunne, fanka tana huci.

"Abin da ya hana ni barci a can ke nan," in ji Intala. "Ban san aikinsa ba, ban san mutanen da ke dogara da shi ba. Ku gaya mini gaskiya, Yaya. Mutuwar da ya yi, ya ɓata wani abu? Wani ya cutu?"

Muktari ya so ya yi ƙarya. Ya so ya ce babban abu ne, mutane da yawa sun dogara da shi, an yi asara amma an gyara, ko don mutumin nan ya ji cewa aikinsa da gidansa da kunnensa sun tafi a kan wani abu. Amma Intala yana kallonsa da damuwa ta gaske, yana jiran hukunci.

"Ba ta ɓata komai ba," in ji Muktari. "Ba wanda ya ma san ta mutu."

Kafaɗun Intala suka sauka, idanunsa suka yi haske a saman rawani.

"Alhamdu lillahi," ya ce, kuma har zuciyarsa ya faɗa. "Yau zan yi barci."

Ya miƙe, ya karɓi jar fatar mahaifiyarsa da Muktari ya miƙa masa, ya saɓa ta a kafaɗa. Ya ce a gafarce shi zai wuce tasha, an ce akwai mai babbar mota da ke neman yaron mota.